Ɗan shagonmu da bashin da muka tarar a ƙasar nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau maganar shagonmu zan yi, amma ba talla ba ce, magana ce da ta daɗe tana ci mini rai, kuma ina ganin duk wanda yake zaune a Kanada ko yake shirin zuwa ya kamata ya ji ta tun kafin wasu su riga ni cika masa kunne.

Ni da maigidana muna da ɗan shago a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba. Kayan abinci muke sayarwa, shinkafa, wake, manja, garin tuwo, yaji da sauransu, sai wani ɗan lungu da muka jera tebura muna sayar da shayi da miya mai zafi. Unguwar ba ta masu hali ba ce, arhar haya ce ta kai mu, to a irin waɗannan unguwannin ne za ka tarar da baƙi irinmu, 'yan Somaliya da Iritiriya da Filifin, sai kuma 'yan asalin ƙasar, wato mutanen da Turawa suka zo suka tarar. Gida uku ne su, akwai First Nations kamar su Cree da Anishinaabe da Dakota, akwai Inuit na can arewa mai ƙanƙara, akwai kuma Métis, jikokin auratayyar 'yan asali da Turawan farko. Ƙidayar 2021 ta ce sun kai miliyan 1.8, kashi 5 cikin ɗari na mutanen Kanada kenan, kuma babu birnin da suka fi yawa kamar Winnipeg, sun haura 100,000. Su ne maƙwabtanmu na dama da hagu, su ne kuma da yawa daga cikin kwastomominmu.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne irin nasihar da ake yi wa sabon zuwa. Wallahi kafin mutum ya gama gane lambar bas ɗin unguwarsu an riga an zaunar da shi an ce masa ka yi hankali da mutanen nan, mashaya ne, ba sa son aiki, gwamnati ce ke ciyar da su, in sun shigo shagonka ka sa musu ido. Kuma abin takaicin ba Turawa kaɗai ke faɗa ba, mu ne, 'yan Afirka, mu da muka san zafin a kalle ka a yanke maka hukunci tun ba ka buɗe baki ba. Lokacin da za mu buɗe shago kusan duk wanda ya zo yi mana Allah ya sa alheri sai ya ƙara da wannan. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, to mu mun zo ba mu ga komai ba sai mutum kwance a bakin titi cikin sanyi, ba mu tambayi me ya kwantar da shi ba, muka karɓi raini a hannun waɗanda suka riga mu zuwa muka ci gaba da raba wa na bayanmu.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Bari in ɗan ba ku tarihin, don in ba shi sauran maganar ba za ta shiga ba.

A 1876 gwamnatin Kanada ta yi wata doka mai suna Indian Act, wadda har yau tana nan duk da an yi mata gyare-gyare. Dokar ta sa rayuwar mutanen First Nations gaba ɗaya a hannun jami'in gwamnati, aka tsuke su a 'yan filayen da aka keɓe musu, aka hana su bukukuwansu na gargajiya, daga 1927 zuwa 1951 ma laifi ne su tara kuɗi su ɗauki lauya don neman haƙƙin ƙasarsu, kuma sai a 1960 suka sami damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sun rasa matsayinsu na 'yan asali ba. Amma mafi muni shi ne makarantun kwana. Gwamnati ke ba da kuɗi, coci-coci ke gudanarwa, Katolika da Angilika da wasu, manufar kuma ba a ɓoye ta ba, a raba yaro da iyayensa da yarensa da addininsa har ya manta ko shi wane ne. Yara sama da 150,000 aka kwasa. Daga 1920 ya zama dole, uba ya ƙi ba da ɗansa a hukunta shi. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai a aske masa kai, a canza masa suna ko a ba shi lamba, ya yi yarensu a doke shi, yaya da ƙanwa suna makaranta ɗaya amma ba su isa su yi magana da juna ba. Ga yunwa, ga tarin fuka, ga lalata da yara da bakina ba zai iya faɗa ba.

Kuma kar wani ya ce ai ba a sani ba ne a lokacin. An sani. Wani likitan gwamnati, Peter Bryce, tun 1907 ya rubuta rahoto cewa yara na mutuwa da tarin fuka saboda cunkoso da rashin iska a ɗakunan kwana, aka yi biris da shi, daga baya ma aka ture shi gefe. Cibiyar da ke adana bayanan makarantun tana nan garinmu a Jami'ar Manitoba, sunayen yaran da suka mutu da ta tattara sun wuce 4,000, kuma kowa ya yarda ba su ke nan ba tunda takardu da yawa sun ɓace. Makarantar Gordon da ke Saskatchewan sai 1996 aka rufe ta. Ku duba fa, 1996! Wato matar da take zuwa sayen sukari a wajena, sa'ar yayata, tana iya kasancewa ta yi wannan makarantar, ko uwarta ta yi.

Ni uwa ce. Duk lokacin da na yi tunanin a zo ƙofar gida a ɗauke mini yaro, ya dawo bayan shekaru ba ya jin maganata ni ma ba na jin tasa, sai in ji cikina ya juya. To a yi wa gari guda haka, a yi wa 'ya'yansu, a yi wa jikokinsu, mutumin da bai taɓa ganin yadda uwa ke rarrashin ɗa ba ya girma ya haifi nasa, me ake tsammani? Ba a ma tsaya nan ba, daga shekarun 1960 aka koma kwasar yaran ana ba wa iyalan Turawa riƙo, wasu har Amurka aka kai su. Yau ɗin nan a Kanada yaran 'yan asali ba su kai kashi 8 cikin ɗari na yara ba, amma sun fi rabin waɗanda ke hannun riƙon gwamnati, a nan Manitoba kuwa wajen tara ne cikin goma. A gidajen yarin tarayya kusan ɗaya cikin uku su ne. Masu kwana a titin Winnipeg ma mafi yawansu su ne. Wanda ya ga wannan ya ce lalaci ne, to bai yi wa Allah adalci ba.

A 2008 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa, aka kafa Hukumar Gaskiya da Sasantawa, daga 2009 aka sa ta ƙarƙashin Mai shari'a Murray Sinclair, ɗan nan Manitoba, wanda ya rasu a 2024. Hukumar ta zagaya ƙasa ta saurari mutum sama da 6,000, a 2015 ta fitar da rahoto ta kira abin da aka yi kisan ƙare dangi ga al'adar mutane, ta kuma kawo buƙatu 94 na gyara. Yawancinsu gwamnati da coci da jami'o'i aka nufa, amma ta 92 da 'yan kasuwa take, ta ce a tuntuɓi 'yan asali kafin a yi wani aiki a ƙasarsu, a ba su damar samun aiki da horo daidai da kowa, a kuma koya wa shugabanni da ma'aikata wannan tarihin. Na san manyan kamfanonin mai da ma'adinai da bankuna aka fi nufa. Amma babu inda aka rubuta ban da mai shagon garin tuwo, kuma in ka duba, mutumin unguwa ba ya haɗuwa da shugaban kamfanin mai, da ni yake haɗuwa kullum, a gaban kantata ake mutunta shi ko a wulaƙanta shi.

Akwai wani bawan Allah ɗan garinmu, dattijo ne ina ganin girmansa, ya ce mini, Hajiya ke me ya haɗa ki da wannan rigimar, mu da Turawan nan suka yi wa mulkin mallaka mu ma, ai ba kakanninmu suka ƙwace musu ƙasa ba. Na ce Alhaji gaskiya ne ba mu muka ƙwace ba, amma a kai muke zaune, a kai muke ci. Kamar baƙo ne ya zo gida, wanda ya buɗe masa ƙofa ya ba shi ɗaki ashe ƙwace gidan ya yi, mai gidan na asali kuwa ga shi nan a zaure an bar masa tabarma, to baƙon nan ko ba shi da laifin ƙwacen ai bai kamata ya riƙa tsallake mai gida yana toshe hanci ba. Filin da Winnipeg take a kai yana ƙarƙashin Yarjejeniya ta 1 da gwamnati da 'yan asali suka sa wa hannu a 1871 a Lower Fort Garry kusa da Winnipeg, su 'yan asalin a fahimtarsu an yi ne a zauna tare a ci arzikin ƙasa tare, kuma kuɗin shekara da ake ba kowane mutum a kan yarjejeniyar har gobe dala 5 ne. Tun 2021 kuma duk wanda zai karɓi takardar zama ɗan ƙasa sai ya yi rantsuwar kiyaye dokokin Kanada har da haƙƙin 'yan asali da na yarjejeniyoyinsu. Mun ɗaga hannu mun rantse, kuma mu mun san nauyin rantsuwa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar ruwa. Ruwan famfon da nake dafa shayi da miya da shi ina sayarwa daga tafkin Shoal Lake yake zuwa, can kan iyakar Manitoba da Ontario, ta wani dogon bututu da ya fara aiki a 1919. Don a yi wannan aikin aka karɓe filin mutanen Shoal Lake 40, aka haƙa magudanar da ta yanke su daga tudu ta mayar da garinsu tsibiri, da rani sai jirgin fito da sanyi sai tafiya kan ƙanƙara, kuma mutane sun rasa rayukansu a wannan tsallakawar. Su da ruwan yake nasu, daga 1997 har 2021 ba sa iya shan na famfonsu sai sun tafasa, shekara 24, hanyar mota ma sai 2019 aka gama musu. Mu kuma muna nan muna buɗe famfo ba ko tunani. Tun da na san wannan na daina ganin abin da muke yi a shago a matsayin sadaka, bashi ne, kuma ɗan abin da muke biya bai kai ko kusa ba.

To me muke yi ɗin? Na farko dai saye. Kuɗin shago kullum fita suke yi zuwa wajen dillalai, sai muka ce bari wani kaso ya riƙa zuwa hannun maƙwabta. Akwai wata shinkafar ruwa baƙa doguwa da Anishinaabe ke kira manoomin, a tafki take fitowa, a cikin kwalekwale ake kakkaɓo ta, muna sayenta kai tsaye wajen iyalan da ke girbinta. Kifin tafkin Winnipeg muna karɓa daga masunta masu lasisi, da yawansu 'yan asali ne. Da safe kuma wata mata a layinmu tana kawo mana bannock, wani burodinsu ne da ake soyawa ko a gasa, yana tafiya da shayi sosai, har mutanenmu sun saba suna tambaya in ya ƙare. Kuma ba ma cewa a kawo in an sayar a zo a karɓi kuɗi, nan take muke biya.

Dalilin biyan nan take ɗin yana da tushe. Mutanen nan da ake cewa ba su iya neman na kansu ba, daga shekarun 1880 aka riƙa hana manominsu a wannan yankin sayar da hatsi ko dabba a wajen filin da aka keɓe musu sai da takardar izinin jami'in gwamnati, har aka zo aka hana su amfani da injunan noma don kar su yi gogayya da Turawan da aka raba wa gonaki. Yanzu kuma akwai sashe na 89 na waccan dokar ta Indian Act, wanda ya ce ba a ƙwace kadarar da ke cikin keɓaɓɓen fili saboda bashi, an yi shi ne don kariya amma sai ya zama banki ba ya karɓar gidan mutum ko filinsa a matsayin jingina, to ina zai samo jari? Duk ɗan kasuwa ya san in kuɗinka suka kwanta a hannun wani wata guda sana'a ta tsaya. Mu riƙe kuɗin mai bannock sati biyu ba zai ƙara mu da komai ba, ita kuma da su za ta sayi fulawar gobe.

Akwai wata tsohuwa 'yar Cree da ke aikin duwatsun ado, 'yan kunne da jakunkuna da takalman fata, aiki mai kyau wallahi, sai ka ga fure kamar zai yi ƙamshi. Kaka muke ce mata. Mun ba ta gefen kanta tana ajiye kayanta, ba ma cire ko sisi. Ranar farko na ce Kaka wannan farashin naki ya yi ƙasa, kin san awa nawa kika yi a kan 'yan kunnen nan? Ta yi dariya ta ce 'yata in na ɗaga ba za su saya ba, za su je su sayi na kamfani. Gaskiyarta, kasuwa cike take da kayan da aka buga a masana'anta aka kwaikwayi zanensu, masu zanen ba su ga ko kwabo ba. Muka daina ajiye irin waɗannan gaba ɗaya, muka ɗaga nata farashin, kuma ana saye. Ita ta yi makarantar kwana. Ban taɓa tambayarta ba, kuma ina roƙon kowa kar ya riƙa tono mutane don ya ji labari, ranar da ta ga dama da kanta ta faɗa mini kaɗan, abin da ta faɗa kuma amana ce ba zan rubuta shi a nan ba.

Sai ɗaukar aiki. Yaron da ya tashi a hannun riƙon gwamnati yana cika 18 sai ya tsinci kansa a waje, wani an yi ta yawo da shi gida-gida ya fi a ƙirga, ba shi da wanda zai tsaya masa, ba shi da takardar ya taɓa aiki a wani wuri, wani ko katin shaida babu. In ka ce sai mai gogewa za ka ɗauka ai ka rufe masa ƙofa kenan tun bai ƙwanƙwasa ba. Mu da muka zo da digirinmu aka ce ba mu da gogewar Kanada mun san ɗacin wannan. Don haka in gurbi ya samu su muke fara nema, mu koya musu aikin kanta da lissafi da tsaftar abinci, mu biya su cikakken albashi ba wai na taimako ba. Ba kowane ne ya zauna ba, wani ya yi wata biyu ya ɓace, kuma hakan na da ciwo. Amma yarinyar da ke tare da mu yanzu ita ke rufe lissafin yamma, makullin shago yana hannunta. In an yi musu rasuwa a garinsu can arewa tafiyar ba ta kwana ɗaya ba ce, zaman makokinsu ma yana ɗaukar kwanaki, ba ma tsaya ja-in-ja da ita, mu da muka san sadakar uku da ta bakwai ai ba sai an yi mana bayani ba.

Doka ɗaya ce a shagon da ba na sassautawa, ba a bin kowa a baya. Duk wanda ya shigo a yi masa sannu da zuwa, a kalle shi a ido, a bar shi ya zaɓi kayansa. Wasu za su ce wannan ai ƙaramin abu ne. A garin nan a 2008 wani mutum, Brian Sinclair, ɗan asali mai shekara 45 da ke kan keken guragu, ya je ɗakin gaggawa na asibiti da ciwon mafitsara da magani ke warkarwa, ya zauna awa 34 ba wanda ya duba shi har ya mutu a inda yake zaune, saboda masu wucewa sun ɗauka maye ne ko kuma sanyi ya shigo gujewa. Kallon da ya kashe shi shi ne dai kallon da ake yi wa mutum in ya shigo shago, ba wani daban ba ne.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ana yi mana sata. Akwai ƙwaya a unguwar, akwai wanda zai shigo ba ya cikin hayyacinsa, an taɓa fasa mana gilashin ƙofa, kuɗin inshora ma ya hau. Akwai watan da maigida zai zauna da littafin lissafi ya yi shiru, in san abin ya taɓa mu. Amma mun lura masu ɗaukar kaya babu irin launin da babu a cikinsu, kuma yawanci abinci ne, burodi, madara, gwangwanin kifi. Wanda muka gani muna jan shi gefe ne a hankali mu ce ɗan'uwa ajiye wannan, zo ka zauna ka sha miya. Wanda ya zo da tashin hankali wannan daban ne, muna da yara ma'aikata kuma kare su wajibi ne a kanmu, ba ma wasa da shi.

Sanyin Winnipeg kuwa sai wanda ya gani, yana kai 30 ƙasa da sifiri, iska ta ƙara masa, mutum na iya rasa yatsu cikin ɗan lokaci. Muna da benci kusa da hita, duk mai jin sanyi ya shigo ya zauna ko bai sayi komai ba. Banɗaki a buɗe yake, ba mu manna takardar nan ta sai kwastoma ba, don wallahi hana ɗan Adam wurin kewayawa ba ƙaramin cin mutunci ba ne, balle mace. Akwai allo a bango, in kwastoma ya ga dama ya biya kuɗin miya biyu ya sha ɗaya, mu manna tikitin ɗayan, mai buƙata ya cire ya miƙo kamar kowa ba sai ya yi bayanin kansa ba. Akwai littafin bashi irin wanda muka taso muka gani, ƙarshen wata in kuɗi sun shigo a biya, kuma yawanci ana biya. A ƙarƙashin kanta muna ajiye naloxone, allurar da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa, kyauta ake ba da ita a Manitoba kuma duk ma'aikatanmu sun koyi yadda ake yi. Da yamma 'yan sintirin Bear Clan suna bi ta unguwanni, 'yan asali ne suka kafa ƙungiyar a 1992, suka sake tayar da ita bayan an tsamo gawar Tina Fontaine, yarinya 'yar shekara 15, daga kogin Red River a 2014. Ba makami suke riƙewa ba, abinci da safa da ruwa suke rabawa, suna tsince allurai a ƙasa. Abin da ya rage mana na burodi da 'ya'yan itace irin waɗannan hannayen muke miƙa wa, don sun fi mu sanin lungun da mai yunwa yake.

Kuma bencin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Za ka ga tsohon Bature mai ɗan fansho da ba ya kai shi ƙarshen wata, ga 'yar gudun hijira da ta zo da takardar gwamnati tana neman wanda zai karanta mata, ga saurayi ɗan Cree yana cajin waya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma malamai sun ce maƙwabci ko ba addininku ɗaya ba yana da haƙƙinsa. A watan Mayun 2021 aka sanar da gano alamun kaburbura wajen 200 a harabar tsohuwar makarantar kwana ta Kamloops, ba a yi sati biyu ba wani ya bi iyalan Afzaal da mota a garin London na Ontario ya kashe mutum huɗu don kawai Musulmi ne. A waɗancan kwanakin ina tsoron fita da hijabi. Waɗanda suka fara leƙowa shago suna tambaya ko muna lafiya, har wata ta ce in ina so ta raka ni tashar bas, maƙwabtan nan ne da aka ce in sa musu ido, alhali su ma suna cikin nasu makokin.

Ranar 30 ga Satumba muna rufe shago. Ita ce ranar rigar ruwan lemo, ranar tunawa da yaran makarantun kwana, asalinta daga Phyllis Webstad ne, wadda kakarta ta saya mata sabuwar riga mai wannan launin a 1973 za ta fara makaranta tana shekara shida, ana isa aka tuɓe mata ita ba ta sake ganinta ba. Tarayya ta mayar da ranar hutu a 2021, Manitoba ma ta bi bayan an zaɓi Wab Kinew a 2023, ɗan First Nations na farko da ya shugabanci lardi a Kanada. Mukan je tattakin da ake tashi daga The Forks, inda koguna biyu suka haɗu a tsakiyar gari, da yaranmu, mu tsaya a baya mu yi shiru mu saurara, ba ranar da za mu yi magana ba ce. Rigunan kuma wajen 'yan asali muke saya, don abin kunya ne babban kanti ya ci riba da hawayen mutane.

A nan ne nake da ƙorafi da wasu 'yan kasuwa. Yanzu ya zama yayi, kowa ya manna sitika a gilashi, kowane taro a fara da karanta cewa muna kan ƙasar su wane da wane. Ban ce kar a yi ba, mu ma akwai rubutun a ƙofarmu. Amma in ka karanta wannan da safe, da rana ka sa mai gadi ya bi matar da ta shigo da goyonta, a cikin ma'aikatanka babu ɗan asali ko ɗaya, a cikin masu kawo maka kaya babu, to me ka sasanta? Ni ma'aunina ɗaya ne, me abin ya ci maka, a aljihu ko a lokaci ko a jin daɗi.

Alhajin nan dai bai haƙura ba, ya dawo da maganar wai 'yan asali ba sa biyan haraji. Na ce Alhaji sassaucin harajin nan na masu katin First Nations ne, kuma yawanci a kan abin da aka samu a cikin keɓaɓɓen fili yake, Métis da Inuit ba sa ciki, wanda ke aiki a nan cikin gari kuwa ana yankar albashinsa kamar yadda ake yankar naka, ni nake cike takardar albashin yarinyar shagona na sani. Bai ce ya yarda ba, amma ya sayi shinkafar ruwan ya ce Hajiyarsa za ta gwada da miyar taushe.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne sanyin bana. Muna son ƙaro firiza don mu riƙa karɓar kifi da yawa lokacin da masuntan suka fi samu, kuma muna lissafin ko za mu iya ɗaukar mutum ɗaya ya riƙe mana safiya, don mu riƙa buɗewa da wuri, tunda wasu wuraren kwanan marasa gida da sassafe mutane ke fitowa daga cikinsu kuma a lokacin ne sanyi ya fi tsanani. Haya za ta ƙaru a sabuwar shekara, lissafin bai gama fita ba tukuna, maigida yana ganin mu jira bazara ni kuma ina ganin bazara ba ta da amfani ga mai jin sanyi a Janairu. Muna kan tattaunawa, ku sa mu a addu'a.